Ranar Da Sauda Ta Kira Sunan 'Yar Farinta

Akwai wata mata a wani ƙauye da ke bayan Shinaka, ta san kanta, ita ta haddasa komai. Ta shiga gidan Zayyanu ɗiban wuta da hantsi, ta tarar da matarsa Sauda a gindin tsamiya da yara biyu, hannuwansu duk yumɓu. Ba ta tambayi abin da ake yi ba. Ta ɗauki garwashinta ta haɗa da labari, kafin kasuwar Goronyo ta sake ci maganar ta isa Wurno, kunnen Inna Asabe, mahaifiyar Zayyanu. Wai matar ɗanta ta mai da jikokinta maginan tukwane!

Da ta tsaya da ta gani. Shekara biyu ke nan malamai suka daina zuwa firamaren ƙauyen saboda tsoron hanya, aji ya koma makwancin awaki. Sauda kuwa ta gama sakandare a Wurno, kuma uwarta masaƙiyar tabarma ce. Sai ta haɗa abu biyun da ta iya. Da yumɓu Adawiyya mai shekara tara da ƙanenta Yazid suka murza haruffa daga A har Z, suka shanya a rana. Da saƙar kaba suka koyi lissafi, don wanda ya ɓata ƙirga a faifai, faifan da kansa zai karkace ya tona masa asiri. Suna da littafi guda da suke liƙa ganyaye da ƙaro, kowane ganye da sunansa da boko da ajami. A tsakar gida ma sun gina gulbin Rima da laka, tun daga dam har Wurno, suna zuba ruwa da buta su ga inda yake bi.

Zayyanu na cikin wannan aiki tsundum. Auren soyayya suka yi, shekara biyu yana cin hanyar Wurno bisa mashin ɗin aro kafin a ba shi ita. Yanzu in ya dawo daga gonar albasa, aljihunsa ba ya rasa gashin wani tsuntsu ko wani dutse mai launi.

"Tica, ga kayan lesin na gobe," ya kan ce yana dariya.

"To, Baban Yazid, Allah shi saka. Amma kai ma ka makara, ka ɗaga hannu sama!"

Baban Yazid take ce masa, alhali Adawiyya ce babba. Kowa ya san dalili. 'Yar fari ce, kuma uwa mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban mutane. Shekara tara Sauda na cewa "ke", ko "yarinyag ga". In baƙi suka zo ma, korar ta take yi daga kusa da ita.

Wannan kunyar ce ta kusa cin ta. Ranar wata Laraba Inna Asabe ta sauka ba sanarwa, tare da babbar 'yarta Habi, wadda ke koyarwa a wata firamare a Rabah. Sauda na jin sallamarsu ta jefa tabarma bisa haruffa, ta tura littafin ganye ƙarƙashin gado. Yaya za a yi suruka ta zo ta same ta tana ji da 'yar fari? Saboda haka abin da Inna ta gani kawai shi ne yarinya da laka a farce.

"Zayyanu, mi nika gani hakanga?" Inna ta ɗaga hannun Adawiyya sama. "Ɗiyan mutane na aji, tawa jika na kwaɓa laka awa zanzaro!"

"Inna, ai karatu na sukai..."

"Rufe min baki! Gobe yayarka za ta tahi da ita Rabah ta sa ta makaranta. Riƙo na. Ko akwai mai magana?"

Ta juya ta dubi Sauda. Sauda na durƙushe, kanta a ƙasa, mayafi ya rufe rabin fuska.

"Ke, kina da ta cewa?"

Sauda ta ƙara sunkuyar da kai, don abin da aka koya mata ke nan. Inna ta gyaɗa kai, ta ji daɗin tarbiyya.

"Kun gani? Ko uwar ba ta damu ba."

Zayyanu ya ce, "To, Inna."

Bayan la'asar ya shiga ɗaki ya same ta tana ninke kayan yarinyar. Murya ƙasa-ƙasa suka yi, don Inna na tsakar gida tana jan carbi.

"To kac ce," in ji Sauda, ba ta ko dube shi ba.

"Mi za ni cewa? Ɗiyar hwari ta, Sauda! In buɗe baki gaban Inna in ce ba ni ba da ta? Ke mi ya hana ki magana?"

"Ni mace ta, kuma suruka. Kai fa? Kai ka ɗauko muna gashin balbela da hannunka. Kai ka san abin da yarinyag ga ta iya!"

"Ai makaranta za a sa ta, ba daji za a kai ta ba."

"Ni ban ƙi makaranta ba, wallahi. In lokacin jarrabawar komon entaran ya yi, da kaina za ni roƙon Yaya Habi ta rubuta sunanta. Amma a ɗauke ta yanzu bisa ƙarya, ta tahi tana jin duk abin da munka yi shekara biyu shirme na? Ta tahi tana jin ban ko so ta?" Nan hawaye suka ƙwace mata. "Ran da kaz zo zance gidanmu, cewa kay yi ba ka bari in yi kuka ni kaɗai."

Zayyanu ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya sa hularsa ya fita masallaci.

Da safe 'yan kabu-kabu biyu suka tsaya a ƙofar gida. An yi wa Adawiyya wanka, an goge farcenta tas, an ba ta jaka ta rungume. Gwaggo Habi ta kama hannunta. Yarinyar ta waiwayo ta dubi uwarta, uwar na duban bango.

"Mama, faifaina ban ƙare ba. Saura layi ukku."

Ba amsa.

"Mama, Yazid bai iya ɗaurin bakin faifai ba, zai ɓata min shi."

Ba amsa. Yarinyar ta jira kaɗan, sannan ta sunkuyar da kai ta bi gwaggonta. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Sauda ciwo: yarinyar ba ta ma yi tsammanin wani abu daga gare ta ba. Ƙafarta ɗaya ta shiga zaure.

"Adawiyya!"

Muryar ta fito da ƙarfi har kaji suka watse. Yarinyar ta saki jakar. Ba ta taɓa jin sunan nan a wannan bakin ba, sai ta tsaya tana duban ko'ina, tana neman wanda ya kira.

"Adawiyya, zaka nan. Ɗiyata ta, Inna. Ina son ta, kuma ba laka takai ba, karatu takai!"

"La'ilaha illallahu!" Inna ta dafe ƙirji. "Gabana? Gabana kika kiran sunan ɗiyar hwari? Zayyanu, ka jiya! Yau ɗin ga ta koma gidansu ta koyo kunya, in dai ni na haihe ka!"

Sauda ta dubi Zayyanu. Ta san halin mijinta, tun da take da shi bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba. Ta ga ya cire hula, ya tako a hankali, ya durƙusa gaban Inna. Ta rufe ido tana jiran wani "to".

"Inna, ki yi min kowane hukunci, na ɗauka. Amma Sauda ba ta da laihi, ni ad da laihi da niy yi shiru jiya." Ya ɗaga kai. "Adawiyya ta iya karatu, Inna. Uwarta ta koya mata."

"Kai ma? Kai ma ka kira?"

"Ni ma na kira."

Habi ta dubi uwar, ta dubi 'yar. Sai ta saki hannun yarinyar ta zauna bisa turmi.

"Ke, bakwai sau takwas?"

Adawiyya ta lumshe ido, yatsunta na motsi kamar tana saƙa. "Hamsin da shidda, Gwaggo."

"Wa yag gaya miki?"

"Kaba takwas-takwas, layi bakwai. In ba hakanan ba, zanen ba shi haɗuwa."

Sauda ta shiga ɗaki ta ɗauko littafin ganyen, ta miƙa da hannu biyu. Habi ta buɗe. Ga sabara, ga kalgo, ga bagaruwa, kowanne da amfaninsa da rubutun yarinya. A bayan littafin an rubuta ranar da shamuwa ta fara zuwa bara da bana, da ranar da aka saki ruwan dam, da kwana nawa irin albasa ya yi kafin a dasa shi. Ta sa yarinyar ta karanta shafi guda, ta karanta, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta gyara da kanta.

"Ina da yara saba'in cikin aji shidda," in ji Habi. "Ba ni da goma da za su rubuta wanga." Ta rufe littafin ta ɗora bisa cinya, ta dubi Inna. "Inna, kin tuna ran da anka zo ɗaukata zuwa Rabah? Shekarata bakwai. Na tsaya bakin zaure ina jiran ki ce wani abu. Kina tankaɗe, ba ki ɗaga kai ba."

"Kunya ta, ke ma kin sani!"

"Yanzu na sani. Sa'annan ban sani ba. Na kai shekara ashirin ina jin don ba ki so na na." Ta goge ido da bakin gyale. "Ni ba ni ɗaukar yarinyag ga. In lokacin jarrabawa ya yi, ni za ni rubuta sunanta."

Inna ta hau kabu-kabu ba sallama. Ta bar saƙo cewa kada wanda ya taka mata gida.

Kada a ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Wata bakwai Sauda ta yi ana nuna ta a wurin biki da suna, ana cewa ga marar kunyar nan. Ba ta tanka wa kowa ba. Duk Juma'a sai ta aika wa Inna gaisuwa da ban haƙuri, tare da faifan da Adawiyya ta saƙa, duk Juma'a a dawo da shi. Zayyanu ya je Wurno sau huɗu, sau huɗu yana zama a zaure ya taso. In ya dawo jiki a sanyaye, ita ke ba shi baki: "Uwa ta, Baban Yazid. Ka sake komawa."

Ran nan, lokacin cirar albasa, suna gindin tsamiya suna dafa karan dafi don rina kaba, yaran maƙwabta shida sun ƙaru a kansu, sai suka ji sallama. Inna ce, faifan makon jiya a hannunta. Kowa ya durƙusa. Ba ta amsa gaisuwar ba, tukunyar ta leƙa.

"Wa yak koya muku rini hakanga? Ba kanwa? Shi ya sa jan naku ka fita awa ruwan wankin nama!" Ta ture Sauda gefe ta zauna. "Kawo min kanwa. Ku kuma ku matso, ku buɗe kunnuwanku, sau guda nika faɗi."

Sauda ta tafi ɗauko kanwa tana dariya tana hawaye. Tun daga ranar, in Inna ta zo, darasin rini nata ne, kuma ba a yi mata gardama. Sunan Habi dai har yau ba ta kira ba. Amma ta daina kawar da kai in Sauda ta kira na 'yarta.

Kunya ado ce, haƙuri da iyaye kuwa wajibi ne, kuma Sauda ta ci ribarsa: ga 'yarta, ga mijinta, ga surukarta a gindin tsamiya. Sai dai kunyar da za ta sa yaro ya girma yana zaton ba a son sa ta wuce tarbiyya, ta zama cuta. A cikin masu karanta wannan labari akwai 'yan fari masu furfura da har yau suke son su ji sunansu a bakin uwa ko sau ɗaya. Wanda ya ce ƙarya ne, ya je ya tambayi ɗan farin gidansu, ya dube shi cikin ido, sannan ya dawo ya musa!