Wanda Ya Ɗauke Namijin Hazon Orville

Ranar Talata da hantsi Loretta Haskins ta buga waya ofishin 'yan sandan Garberville, ta ce an yi mata sata. Da Sufeto Ruben Ochoa ya hau dutsen ya isa gonarta, sai ya tarar buhunan wiwinta suna nan, lasisinta na noman wiwi yana manne a bango. Tukunya ɗaya aka ɗauke.

"Iya, a kan shuka ɗaya kika taso ni?"

"Ɗan nan, namijin Hazon Orville ne fa."

Sai Ochoa ya daina murmushi. Duk wanda ya tashi a duwatsun nan ya san irin wiwin da ake kira Hazon Orville. Shekara talatin marigayi mijinta Orville ya yi yana haɗa gajeren irin Afganistan da dogon irin Meksiko, har ya sami wannan mai ganye kamar an tsoma a rini, mai ƙamshin ɓawon lemo. Ba ya sa surutu ko zare ido. Ciwo yake kwantarwa, ya kawo barci, shi ya sa masu ciwon daji har daga birnin Eureka suke aikowa. Namiji ɗaya tak ya rage, kuma ya fara fure. In ya bushe ba a shafa wa matan ƙurar furensa ba, irin ya ƙare ke nan.

"Kwana nawa ya rage masa?"

"In ya kai sati biyu ya yi ƙoƙari."

Ta kai shi ɗakin da take killace namijin, can nesa da matan. Ba a fasa kwaɗo ba. Ƙasan siminti a jiƙe, ga sawun kare a lakar bakin ƙofa. To, amma a nan wane ne ba shi da kare?

"Ke kika zuba ruwan?"

"Jiya tun safe ina asibiti. Ɓarawon ne. Ruwa ke kashe ƙurar, ya fesa kafin ya ɗaga tukunyar don kada ta tashi."

"Wa ya san inda kike ɓoye makulli?"

"Wendell, ƙanen mijina. Sai dai bai tako gidan nan ba tun jana'iza."

Ochoa ya fara da maƙwabcinta Curtis Boyle, wanda ya zo daga Los Angeles shekara uku da suka wuce, wanda ya sha cewa zai sare namijin kafin ƙurarsa ta cika masa wiwi da ƙwayar iri, ta ɓata masa gona.

"Rabona da shingenta tun bara, Sufeto."

"Takalminka dai ya je jiya. Na ga sawunsa."

Curtis ya sosa ƙeya. "To, na leƙa. Leƙe laifi ne?"

"Da kai ne za ka ɗauke shi, yaya za ka yi?"

"Wai in da ni ne? In cilla shi bayan mota mana."

Ochoa ya rufe littafinsa. Maƙaryaci ne, amma bai san aiki ba.

Bai yi gaggawar zuwa gun Wendell ba. Sai ranar Juma'a ya tarar da tsohon a bakin rumfar ledar da yake renon matan wiwinsa, wani jibgegen kare mai gashi yana kwance a ƙafarsa.

"Ɗan Ochoa! Ubanka shekara ashirin yana bina a dajin nan bai kama ni ba. Kai ne za ka gwada?"

"Gaisuwa na zo, Baba. Ina kake ranar Litinin?"

"Ina nan ina gyaran famfo. Ni da namiji? In kawo shi kusa da matana ya cika su da ƙwaya? Hauka nake?"

"Bari in ga matan."

Suka shiga. Layi huɗu, kowace ta fi mutum tsawo, furanninta cike da farin gashi. Ochoa bai ɗaga kai ba. Durƙusawa ya yi. A rassan ƙasa, daidai gwiwa, gashin furen ya yi ja ya kanannaɗe tun daga ƙofa har ƙarshen layi.

"Baba, me ke sa farin gashi ya yi ja tun lokacinsa bai yi ba?"

Ochoa ya ba kansa amsa.

"Ƙurar namiji ce, ka fi ni sani. Kuma ba iska ce ta kawo ta ba, da saman ta fara taɓawa."

Karen ya shigo yana kaɗa wutsiya, yana gogar rassan da bayansa kamar yadda ya saba.

"Ka fesa ruwa. Na tabbata ka yi wanka, ka canza kaya. Shi fa? Yana gindin tukunyar kafin ka fara fesawa, ƙurar ta maƙale a gashinsa."

Tsohon ya daɗe yana kallon karen, sannan ya zauna a kan bokiti.

"Yana tsohon gidan famfo, bakin rafi. Ina ba shi ruwa, ban cuce shi ba." Muryarsa ta ɗaga. "Ni na je Afganistan! Ni na ɗauko irin a cikin safata. Orville ko Eureka bai cika wucewa ba. Sunan wa aka sa?"

"Wannan ka faɗa wa alƙali."

Loretta ta iso da motarta, ta ɗauko tukunyar a rufe cikin jiƙaƙƙen buhu. Ta leƙa rumfar, ta dubi rassan nan ja, ta dubi Wendell da ankwa a hannu.

"Da ka buɗe baki ka tambaya, Wendell, da na ba ka. Yanzu ga shi matanka 'ya'yan yayanka za su haifa."

Sai da Ochoa ya buɗe masa ƙofar mota Wendell ya waiwayo.

"Matar yaya, karen fa?"

"Zan ba shi abinci," in ji ta. "Amma ba zai taka gonata ba sai na yi masa wanka."