Gwangwani Na Bakwai

Ranar da Onkar ya fara taka gidansu Sharvari a Kolhapur, ba ita ya zo nema ba. Gwangwanaye bakwai suka kawo shi, masu ɗauke da faifan tsohon fim ɗin soyayya da barkwanci da marigayi wan mahaifinta ya shirya, kuma babu wani kwafi bayan wannan. Aikin Onkar shi ne ɗaukar irin waɗannan finafinai da na'ura, a adana su a intanet kafin su ruɓe. Ta miƙo masa shayi, ya ɗago ya kalle ta, ai kuwa shayin ya ƙare a wandonsa.

Mahaifinta, Baba Digambar, ya harare shi. "Ku 'yan kwamfuta na san halinku, ku kwashe ku sayar. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa ɗauka. Sai ka dawo da wannan za ka ga na gaba."

Haka ya riƙa zuwa daga Pune duk Asabar, har abin ya wuce maganar fim. Wata rana ya turo mata saƙo: "Tauraruwata, yau na gyara inda jarumin ya faɗa rijiya. Na yi ta dariya ni kaɗai, ina ma kina nan."

Ta amsa: "Ni kake so, ko gwangwanayen Baba?"

"Ke mana, sarkin zargi."

Shida suka dawo lafiya. Na bakwai kuwa shiru, har wata biyu. Duk Asabar sai ya zo hannu rabbana, wai akwai sauran gyara.

"Ya sayar, wallahi ya sayar!" in ji Baba. "Ƙarshen fim ɗin ɗan'uwana ke nan. Kada in ƙara ganin ki da shi."

Ana haka Nilesh, maƙwabcinsu da ya daɗe yana neman ta, ya nuna mata wayarsa yana murmushi. Ga fim ɗin nan a taskar intanet, cikakke, an ɗora shi tun makonni shida. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta rubuta wa Onkar: "Na ga fim ɗin har ƙarshe. Wane gyara kuma? Maƙaryaci. Kawo wa mahaifina kayansa, kada ka sake kirana."

Washegari sai ga shi rungume da gwangwanin. Baba ya fizge, ya buɗe, ya shinshina, ya ɗaga faifan ga hasken taga yana bi a hankali. Ko ƙwarzane babu.

"To don me ka riƙe shi?"

Onkar ya sunkuyar da kai. "Baba, in na dawo da shi, da wane dalili zan sake shigowa gidan nan?"

Sharvari ta toshe baki, dariya da hawaye suka haɗe mata.

Baba ya rufe gwangwanin. "Kai sakarai ne. Wata biyu ka hana ni barci, alhali uwarka kawai za ka turo ta nema maka aurenta!"

Bayan damina aka ɗaura auren. Baba na watsa musu shinkafar albarka, ya raɗa wa ango: "Ita kam kada ka dawo min da ita." Sannan ya ɗora hannu a kansu, ya ce Allah ya zaunar da su lafiya.