Mangwaron da Aka Shanya a Kan Rufi

An kunna fitilun silima, mutane suna ta fita, Tanjila kuwa ta kasa tashi. Littafin da aka ɗauko labarin fim ɗin daga ciki na kan cinyarta, hawaye sun jiƙa bangonsa.

"Apa, za su rufe ƙofa," wani saurayi mai tabarau ya ce, wato yaya a harshensu, yana miƙa mata hankici.

"A littafin Jahanara ba ta mutu ba," ta faɗa kanta a sunkuye. "Warkewa ta yi, ta koma gida. Wane marar imani ne ya kashe ta?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne. Sunana Imrul, ni na rubuta fim ɗin."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ya saya mata shayi a bakin titi, suka yi ta musu cikin hayaniyar birnin Dhaka. Ta ce littafin ya fi tausayi, ya ce fim ɗin ya fi gaskiya. Sai da za ta hau keke ta gaya masa mahaifinta ne ya rubuta littafin, Jahanara kuma Ammu ce, mahaifiyarta, wadda ba ta warke ba.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Alƙaliyata, har yanzu ba a yi mini afuwa ba?"

"Tukuna. Makashi, ka ci abinci?"

Ranar da kawun Imrul ya zo nema masa aurenta, Abbu, mahaifinta, ya mayar da kwalin alewar da aka kawo ko buɗewa bai yi ba. Sau ɗaya ya kalli fim ɗin, tun daga nan bai ƙara ɗaukar alƙalami ba.

"Kin ji abin da matar cikin fim ɗin ta faɗa kafin ta cika?" ya tambayi Tanjila. "Wai hadari ya haɗo, a kwashe mangwaron da ta shanya a kan rufi. Uwarki barkono ta ce. Mu biyu ne a gefen gadonta. Ke kika ba shi, ya canza kalma ɗaya ya sayar wa duniya."

"Wallahi Abbu, ban san shi ba sai bayan fim ɗin."

Bai yarda ba. Ya daina karɓar shayi daga hannunta, ya daina kiranta Ma, sunan ƙauna da ya saba kiranta da shi. Gidan ya koma kamar ranar zaman makoki. Da wata gwaggo ta kawo maganar wani injiniya, Tanjila ba ta ce a'a ba.

"Ka manta da ni," ta rubuta. "Na rasa Ammu, ba zan iya rasa Abbu ba."

Amsa ba ta zo ba. Damina ta sauka, ta rame, ko littafin ta daina iya buɗewa.

Wata safiya ana sheƙa ruwa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Imrul ne, a jiƙe sharkaf, rungume da tsohuwar kwalba ta yankakken mangwaro cikin mai da yaji, har ya yi baƙi.

"Chacha," ya ce wa Abbu, yana kiransa kawu don girmamawa, "ba roƙo na zo yi ba. Ka auras da ita ga wanda ka so, amma kada ka bar mata laifin. Mahaifiyata ce ta faɗi maganar mangwaron nan kafin ta cika. Ban hau rufin ba sai bayan jana'iza. Abin da ya tsira ke nan, yayata ta zuba a mai. Mun kasa ci, mun kasa zubarwa."

Abbu ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya shafa murfin.

"Ni ban kwashe barkonon ba," ya ce a hankali. "A can ya ruɓe. Shi ya sa na warkar da ita a takarda."

Ya juya wajen labulen da Tanjila ke laɓe.

"Ma, yaron nan zai kamu da mura. Kawo shayi, har da nawa."

Bayan damina aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Abbu ya ɗora hannunta a kan na Imrul, hawaye na bin gemunsa.

"Kai ka fi ni gaskiya," ya ce. "Amma Allah Ya ba ku irin ƙarshen da na rubuta."

Duk gidan aka amsa da amin.