Na Tashi, Na Sha

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa ba a kallon idon juna. Kujerun roba ne jere da bango, kowa ya sunkuyar da kai yana murza katin lambarsa, ga fanka a sama tana juyawa tana ƙara kamar yanzu za ta faɗo wa mutane.

Ranar Talata ce, zuwanta na uku. Malamar makarantar ƙananan yara ce, mai iya tsayar da kukan yara talatin da tafi ɗaya, amma wata biyar ke nan ta kasa tsayar da nata. Ciwon damuwa, in ji likita. Katin hannunta an rubuta takwas.

Saurayin da ke kusa da ita ne kaɗai ya ɗaga kai, shi ma fankar yake kallo.

"Noti ɗaya ne ya kwance mata," ya ce a hankali.

Ta dube shi. "A wannan ɗakin kake faɗar haka?"

Ya rufe baki da hannu. Dariya ta ƙwace mata, ta farko tun da abin ya same ta, har ita kanta ta tsorata da jin sautinta.

"Gyaran fanka da dutsen guga ne sana'ata," ya ce. "Kawuna na rako."

"Ni ma yayata na rako."

Ba su rufe baki ba nas ta leƙo. "Takwas, shigo. Tara, ka shirya."

Ta miƙe ba ta waiwaya ba, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da ta fito ta same shi tsaye yana jiran a kira shi.

"Allah ya ba yayarki lafiya," ya ce.

"Amin. A gaishe da kawu."

Tun daga ranar sunayen suka bi su. Ita Takwas, shi Tara.

Talata bayan Talata suka riƙa haɗuwa, har ƙaryar kawu da yaya ta mutu da kanta. Ya gaya mata nasa ya fara ne bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya yi wata biyu bai buɗe shago ba. Ita ta ce nata ba shi da dalili, kuma abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Wata safiya kawai ta farka ta ji jikinta ya yi mata nauyi, ko ɗaura ɗankwali ya zama aiki.

Likita ya ba kowannensu wata takarda mai layuka uku a ƙasa, inda ake rubuta lambar wanda za a kira idan abin ya yi tsanani. Tata babu komai a kai. Tasa ma haka. A bakin ƙofar asibiti suka yi musaya, kowa ya cike wa ɗan uwansa layin farko.

Sai suka ƙulla alkawari. Kowace safiya kafin ƙarfe bakwai, saƙo ɗaya, shaidar an tashi an sha magani.

"Na tashi, na sha. Takwas ɗina fa?"

"Na tashi, na sha. Ka ci abinci kafin ka taɓa fankar mutane."

Wata rana nata ya zo daban: "Na sha, amma tashin ya gagara."

Amsarsa ba ta daɗe ba: "Ba sai kin tashi gaba ɗaya ba. Sauko da ƙafa ɗaya ki gaya mini. Ina nan, fankar nan za ta jira."

Ƙafa ɗaya, sannan ɗayar, sannan buɗe taga. Ranar ta makara da rabin awa, amma ta je aji. Da yamma ta biya ta shagonsa, wani ɗan ɗaki cike da fankoki marasa kai da wayoyi a rataye, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Tara, me ya sa kake wahala da ni?"

Ya ajiye sukundireba, ya goge hannu a wandonsa. "Saboda ina son ki. Tun ranar kawu."

Son shi take, ba ta musa wa kanta ba. Amma tare da son sai wani tsoro ya shigo ya zauna, domin a gidansu Mama ce kaɗai ta san ciwonta. Baba, tsohon direban bas mai saurin faɗa da saurin saukowa, abin da aka gaya masa shi ne Auta na zuwa asibiti saboda ciwon kai. Maganinta a gwangwanin zaren Mama yake ɓoye. Ita ce kuma kullum ke ajiye wa Baba ƙwayar hawan jininsa kusa da kofin shayi, tana tsaye a kansa har ya haɗiye.

Tara ya zo gaisuwa, ya gyara fankar falo da ta shekara tana kuka, Baba ya yaba da hankalinsa. Magana ta fara kyau.

Sai mai kantin maganin bakin layi ya sa baki. Mutum ne mai turare da takalmi mai sheƙi, wanda ya daɗe yana aiko mata da gaisuwar da ba ta amsawa. Tara ya taɓa sayen maganinsa a wurinsa sau ɗaya. Sirrin da ya kamata ya tsaya a cikin kantin, sai ga shi a falon Baba, an yi masa ado da "ni dai don Allah na faɗa".

Tana bayan labule ranar da Baba ya kira Tara.

"An ce kana shan maganin masu taɓin hankali. Gaskiya ne?"

"Ina shan maganin damuwa, Baba. Gaskiya ne."

"To ni ba zan ɗauki 'yata mai lafiya in ba wanda sai da ƙwaya yake zama daidai ba. Ranar da ka rabu da maganin nan ka dawo mu yi magana."

'Yata mai lafiya. Kalmomin suka daki ƙirjinta. Taku uku ne tsakaninta da falon, ta san abin da ya kamata ta fito ta faɗa. Ƙafafunta suka ƙi. Mama ta riƙe mata hannu tana girgiza kai, ita kuwa ta ji daɗin riƙon, abin da ya fi ci mata rai daga baya ke nan. Tara ya dubi labulen sau ɗaya, ya yi sallama ya fita.

Da yamma ta rubuta masa: "Ka yafe mini. Tsoro ne ya kama ni."

"Babu komai, Takwas ɗina. Na san tsoron nan, tare muke jiransa duk Talata. Zan san abin yi."

Washegari saƙonsa ya zo a kan lokaci. "Na tashi."

Ta ɗauka fushi ne. Ai ya cancanta, ta ce a ranta. Kwana biyar, kwana goma, saƙon bai ƙaru ba. Talata ta zo bai je asibiti ba, ya ce aiki ya yi yawa. Idan ta kira sai ya ce hannunsa da mai. Mai kantin magani kuwa har da tsayar da ita a hanya ya ce ya ji labarin mai fanka ya samu wata. Ta wuce shi, amma maganar ta bi ta har aji. Ta fara tunanin ko ya gaji da matsoraciya.

Mako na huɗu, ranar Alhamis, ƙarfe bakwai ta wuce babu saƙo. Takwas ta wuce. Tana rubuta wa yara haruffa a allo tana leƙen wayar. Wajen goma da rabi wayar ta yi ƙara.

"Takwas ɗina, na mayar wa kowa da fankarsa. Na yi ƙoƙari in zama irin wanda Baba yake so, na kasa. Ki ci gaba da shan naki. Na gaji ƙwarai."

Ta koma sama tana karanta saƙonnin safiya ɗaya bayan ɗaya. Na tashi. Na tashi. Na tashi. Kwana ashirin da biyar. Tara ba ya ƙarya, ƙaryar kawu ce ta farko da ta ƙarshe a tsakaninsu. Bai rubuta ya sha ba saboda bai sha ba. Ya bar maganin ne don ya koma gaban Baba ya faɗi gaskiya, ita kuwa tana nan tana lissafin fushi.

Ta kira, wayar na shiga ba a ɗauka. Ta sake kira. Ta bar wa malamar ajin kusa yaranta, ta fita da gudu. Gidansu ya fi kusa, kuma Baba ne mai mota.

Ta same shi a tsakar gida yana wanke tsohuwar motarsa.

"Baba, ka kai ni shagonsa yanzu."

"Auta, na gama magana a kan yaron nan."

Ta shige ɗakin Mama, ta fito da gwangwanin zare, ta zazzage shi a kan motar. Zare ya gangara, allurai suka watse, katin magani ya tsaya a gabansa.

"Nawa ne. Wata goma sha ɗaya ina sha. Irin nasa ne, likitanmu ɗaya, a can muka haɗu. Ba ciwon kai ba ne, Baba. Akwai safiyar da ba don saƙonsa ba da ban tashi ba. Ka ce ya bari, ya bari, ga abin da ya rubuto mini."

Baba ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa ya karanta. Ya dubi Mama da ke tsaye hannu a ka, ya dubi katin maganin. Ya jefar da soson, ya buɗe mata ƙofar mota da jiƙaƙƙen hannu.

Mutumin da ya shekara talatin yana alfaharin bai taɓa gudu da fasinja ba, ranar ya yi gudu. Ita tana gefe tana kira, tana ƙirga ƙarar wayar, tana roƙon Allah da duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta kira asibiti, nas ta ce su kawo shi kai tsaye. Kowace danja ta zame mata shekara.

Shagon a rufe yake, amma babu kwaɗo a waje. Daga ciki aka sa sakata.

"Tara!" Ta buga ƙofar ƙarfen da tafin hannu. "Tara, ni ce."

Shiru. Ta kanga kunne, ba ta jin komai sai bugun zuciyarta. Ta durƙusa a wurin.

Baba ya koma mota ya ɗauko ƙarfen cire taya. Ya soka shi a gefen ƙofar ya danna da duk ƙarfin tsufansa, sau ɗaya, sau biyu. A na uku sakatar ta ɓalle.

Shagon wayam, babu fanka ko ɗaya, an share ƙasa tas. Yana zaune a lungu ya jingina da bango, ya rame, leɓɓansa sun bushe. Takardar likita na hannunsa, wayar na gefensa tana haske. Ya ɗago ido a hankali.

Yana numfashi. Abin da ta fara gani ke nan, ta kuma tsaya tana kallon ƙirjinsa na hawa da sauka kafin ta iya magana.

"Ina ta kallon lambarki," ya ce da dasasshiyar murya. "Na kasa dannawa. Na ce na riga na zame miki kaya."

"Ba sai ka tashi gaba ɗaya ba," ta ce, hawaye na zuba. "Ƙafa ɗaya, Tara. Ina nan."

Ya motsa ƙafa ɗaya. Ɗayar Baba ne ya taimaka masa, ya sa kafaɗa ya ɗago shi.

"Taso, ɗana," ya ce. "Laifina ne. Na yi magana a kan abin da ban sani ba."

Kwana tara ya yi a asibiti. Likita ya zaunar da Baba ya yi masa bayani, ya ce barin maganin nan farat ɗaya haɗari ne, kuma ba a rage shi sai da sanin likita. Sannan ya tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ce masa ya bar ƙwayar hawan jini kafin a kira shi mutum. Baba ya sosa ƙeya. Tun daga ranar ya sauya kantin da yake sayen magani, ko da yake sabon ya fi nisa.

Ranar sallama Baba ya ce a miƙo masa takardun nan biyu. Ya saka tabarau, ya cike layi na biyu a kowacce da lambarsa, da manyan lambobi irin na jikin bas.

"Idan ɗayanku bai ɗauka ba, a kira ni. Ina da mota, ina da ƙarfe."

Ba ta daina jin tsoro ba. Har yanzu idan bakwai ta gota da minti biyu gabanta na faɗuwa, shi ma ya ce haka nasa ke yi. Likita bai yi musu alkawarin ciwon ba zai dawo ba, su ma ba su yi wa juna wannan ƙaryar ba.

Bayan wata shida aka ɗaura aure. Mama ta sha kuka, nas ɗin nan ta zo ta ce ita ce ta haɗa su, ba wanda ya musa mata. Da za a tafi da amarya Baba ya dafa kanta ya daɗe.

"Allah ya yi muku albarka, ya sa ku riƙe juna ranar sauƙi da ranar nauyi. Auta, kada ki ƙara ɓoye mini ciwo a cikin zare."

Safiyar farko a ɗakinsu, fankar sama na juyawa shiru ba ƙara. Ya kawo ruwa kofi biyu, ya zauna a gefenta.

"Takwas ɗina, yau ba sai na rubuta ba."

"Faɗa dai in ji da kunnena."

Kafin ya buɗe baki wayoyinsu suka yi ƙara a tare. Bakwai saura minti biyar. Baba ne, wanda bai taɓa tura saƙo ba a rayuwarsa.

"Na tashi, na sha. Ku fa?"