Abin da Ke Ƙarƙashin Kitso

"Wa ya kwance wa ɗiyata kitso?"

Zinariya ce ke tambaya daga bakin ƙofa, ko mayafi ba ta cire ba. Kwana ɗaya tak ta yi a Sukuntuni wajen suna, ta dawo Kusada ta iske Salma, ɗiyarta 'yar shekara huɗu, kwance shiru a tabarma. Shekaranjiya da hannunta ta yi mata shuku. Yau ga wasu manyan kalba sun zubo sun rufe gefen kunne.

Inno, uwar mijinta, ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Ni ce. Ya tsufa."

"Kitson kwana biyu, Inno?"

Mijin nata Kamilu, ɗan kabu-kabu, yana gefe yana ta goge babur ɗin da ba ƙura a jikinsa.

"Umma, kin dawo?" in ji Salma.

"Na dawo, 'yar lele."

Can an jima ta sake cewa, "Umma... kin dawo?"

Zinariya ta juyo ta dube ta. Yarinyar da ke hana gida sakat da waƙa! Kafin ta yi magana, Salma ta kwara amai, ta rufe ido da hannu wai haske na sukanta.

"Zazzaɓin damina ne," in ji Inno. "A ba ta jiƙo."

"Baban Salma, tada babur. Asibitin Kankia za mu."

A hanya ya riƙa tafiya sannu-sannu, yana kauce wa kowane rami.

Likitar yara, wata mata mai suna Karima, ta sa aka gwada jini. Babu zazzaɓin sauro.

"Ta faɗi kwanan nan? Ko ta bugu a kai?"

"A'a," in ji Zinariya. Ta waiwayi mijinta. Ƙasa yake kallo.

Ta kai hannu za ta gyara wa yarinyar kwanciya, yatsanta ya shige ƙarƙashin kalbar. Salma ta ƙwala ihu!

Da sauri ta warware gashin. Ga kumburi nan kamar ƙwan zabo, an shafe shi da man zafi.

"Kamilu..." Tunda aka yi aurensu ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba. "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Jiya da la'asar tana ta kukan nemanki, na ɗora ta a tankin babur in zaga da ita. Akuya ta gitta... muka faɗi. Ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta yi kuka. Inno ta danna wurin da bayan ludayi, ta ce kar a tada miki hankali."

"Sai aka rufe da kitso!" in ji Zinariya.

Likita ta ajiye biro. "Malam, da na sallame ku da maganin amai fa? Ni da abin da aka gaya mini nake aiki!"

Ta haska idon Salma da tocila, ta sa ta taka 'yan sawu, ta tambayi sau nawa ta yi amai.

"Ƙwaƙwalwarta ce ta jijjiga. Ludayi ba ya kaiwa can. Za ta kwana nan mu sa mata ido. In ta ci gaba da amai, ko ta yi jijjiga, ko aka kasa tada ta daga barci, sai Katsina a ɗauki hoton kai. In an sallame ku kuma, hutu: ba kallon waya, ba tsalle-tsalle, har ta warware."

A baranda Kamilu ya tsaya gaban Zinariya kamar wanda ruwa ya daka.

"Zinariyata..."

"Kar ka kira ni haka! Sau nawa na ce kar ka ɗora ta a tanki? To, faɗuwa ƙaddara ce, na ji. Amma shirun fa? A gabanka aka tambaye ni, na ce a'a! Ka bar ni na yi wa likita ƙarya a kan ɗiyata!"

"Tsoro na ji kar ki yi fushi ki tafi gida. Kuma Inno ta ce..."

"Inno ta rufa wa ɗanta asiri. Kai wa ka rufa wa? Kai ma fa uba ne!"

Ta shige ciki ta bar shi yana share hawaye da bakin riga.

Da safe Inno ta iso da kunu a jug. Kamilu ya tare ta a ƙofa, ya durƙusa.

"Inno, ki gafarce ni. Amma jiya mun kusa kashe ta da shirunmu, ni da ke."

Tsohuwar ta raɓa shi ta shiga. Sannan ta ajiye kunun kusa da Zinariya. "Mu haka muka taso muka gani... Ban san a ciki ake jin ciwon ba, ɗiyata."

Salma ta buɗe ido. Tun jiya aman bai dawo ba. Ta dubi kowa, ta ɓata fuska.

"Baba, akuyar nan ba ta da hankali."

Dariya ta so kuɓuce wa Zinariya, ta danne, sai hawaye. Ta zaro tsinken kitso daga jaka ta miƙa wa mijinta ba tare da ta kalle shi ba.

"Kwance sauran. Duka. A hankali."

Ya karɓa. "Daga yau ko tuntuɓe ta yi, ke za ki fara ji."

Ta mayar da idonta kan Salma. Amma ta matsa gefe a bakin gadon, ta bar masa wurin zama.