Baragurbi

Duk mai sana'ar ƙwai ya san ba a wanke shi da ruwan sanyi. Ɓawon na da ƙofofin da ido ba ya gani, sanyi na taɓa shi sai ya zuƙe ƙazanta ciki. Mai Ƙwai ya sani. Amma kantuna fari tas suke so, nasa kuwa in ya wanke, rabi ke dawowa baragurbi.

Sai ya tafi wurin boka.

Ɗakin ba taga. Ɓawon ƙwai a zare, yana reto daga rufi. A tsakiya tukunya ce cike da baƙin ruwa, ƙudaje na kewaya ta, ba mai sauka.

"Ɗigo ɗaya a bahon wanki," in ji boka. "Ƙwanka ya daina lalacewa."

"Me zan biya, ranka ya daɗe?"

"Ko sisi. Ruɓa dai ba ta mutuwa, masauki take sauyawa. Ruwan wankin a gidanka za ka riƙa zubarwa."

"Shi ke nan?"

"Kai ka ce shi ke nan."

Kafin ka ce kwabo ya sayi injin wanki da motocin kai kaya. Ko ƙwansa ya wuni a rana, in an fasa, gwaiduwa jawur. Kullum jarkar ruwan wankin ta biyo shi gida, ya tuttule a makwarara.

Mahaifiyarsa ce ta fara tafiya. Fatarta sumul kamar ta budurwa, amma masu wankan gawa da gudu suka fito suna amai. Ƙanensa ya bi, da ransa. Ya zauna bakin ƙofa yana sansanar hannuwansa.

"Yaya, ba ka jin wari? Daga cikina yake fitowa."

Tsoro ya kama Mai Ƙwai. Ya daina kai jarkar gida, ya ce ai an wuce wurin.

Wata safiya matarsa ta kira shi.

"Baban Auta, zo ka ga 'yarka. Ba zazzaɓi, ba komai. Kyau kawai take ƙarawa."

Yarinyar na zaune tana sheƙi. Ta miƙo hannu. Ya ɗauke ta, ya ji ba nauyi. Hannunsa da ya saba da gwajin ƙwai ya kai ta saitin kunnensa, ya ɗan girgiza.

Ya ji ruwa na kaɗawa a cikinta.

Yau yana yawo a kasuwa ba riga, duk abin da ya tsinta sai ya kai kunne ya girgiza. Mai kwaɗayi, ka dube shi da kyau. Arzikin da aka ce maka kyauta ne, a cikin gidanka za a karɓi kuɗinsa.