Bidiyon Bikin Munir

Rufaida ta ɗaga wayar sama kamar za ta maka ta da ƙasa, sai kuma ta fasa, ta ja dogon tsaki.

Tun bayan azahar take fama da bidiyon nan. Ya ɗan motsa ya cije, da'irar nan ta hau juyi a tsakiyar allo, in ya tashi kuma sauti ya yi gaba ya bar hoto a baya. Ta kashe data ta kunna, ta canja layi, ta hau soro har mahaifiyarta Inna Amsa ta yi mata tsawa, duk a banza. Abin da take iya gani kawai wani ɗakin taro ne mai fitilu da mata sun sha ɗaurin ɗankwali.

Da wani ne ya turo da tuni ta watsar. To amma Khairat ce, 'yar ƙanwar Hajiyar saurayinta Ziyad, wadda kowa ya san ita Hajiya ta so ya aura. Yarinyar da ko sallama ba ta taɓa yi mata ba, yau ita ce da turo linki har da ɗan saƙo a ƙasa: "Amarya, ki daure ki kalla, tukuicin sa rana ne."

Gobe kuwa kawunnan Ziyad za su taso daga Rijiyar Zaki su zo sa rana.

Ba ƙaramin yaƙi ta sha ba kafin a zo nan. Mahaifinta Baba Gana tun farko bai yi na'am da yaron ba, ya ce shi bai san gaisuwar tsaye da hannu cikin aljihu ba. Rufaida ta yi kuka, ta ƙaurace wa tuwo, ta tayar da ƙannen Baba ɗaya bayan ɗaya, har tsohon ya gaji ya ce Allah ya sa alheri. Son Ziyad take yi, so na gaske, irin wanda ke toshe kunne.

Bayan la'asar sai ga shi. Ya ajiye mota a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya fito yana karkaɗe takalmi da hankici kamar wanda ya taka kashin kaji. Ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure.

"Gimbiyata... wa ya taɓa min ke?"

Ta miƙa masa wayar ba tare da ta ce wa ya turo ba, ta dai ce bidiyo ne ya ƙi tafiya.

Nan fa aka zo wurin da yake so. Ya gyara zama, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce su mutanen Gezawa sai a hankali, an ba su waya sun mayar da ita rumbu. Ya nuna mata shafukan da ta bari a buɗe cikin burauza, na girke-girke, na ɗinki, na makaranta, ya ce ta yaya jaki ɗaya zai ɗauki dawar gona guda? Ya bi su yana rufewa da ɗan yatsa yana girgiza kai. Ya shiga ciki ya share tarkacen da burauzar ta tara, ya kashe wasu abubuwa da ya ce suna shan data ta bayan fage, yana yi yana zuba Turanci, rabi don ta ji rabi don kada ta gane.

Da ya sake buɗe linkin sai ya tsaya, fuskarsa ta washe.

"Kai, ai dinar bikin abokina Munir ce! Ina ciki fa. Bari ki ga mijinki cikin manya."

Bidiyon ya ɗan tafi ya sake cijewa. Ziyad ya tsuke baki, ya ce wannan kuma laifin ƙauyen ne, sabis ɗin nan ko akuya ba zai ja ba, in Allah ya sa ya fitar da ita daga cikin karan dawa ta huta. Ya fita da wayar gindin darbejiya, ta bi shi. Ya danna wani ɗan gurbi a gefen allo ya sauke kwalitin har ƙasa. Ya yi mata bayani cikin isa cewa hoto zai dushe, amma ba zai ƙara tsayawa ba, murya kuma za ta fita tas.

Bai yi ƙarya ba. Fuskoki suka zama kamar an shafa musu koko, amma bidiyon ya miƙe sumul. Mai ɗaukar hoto ya kafa kyamararsa kusa da wani teburi ya tafi sha'aninsa, ga alama bai san tana kwasar hirar masu zaman ba.

Wata murya ta tambaya ko da gaske ƙauye za shi ɗauko mata. Sai dariya, wannan dai ta hanci ta Ziyad.

"Kai ba ka san gonar ubanta ta bakin titi ba? Ka lissafa fuloti nawa za a yanka a ciki. 'Ya'yansa biyu ne kacal, duk mata, tsohon kuma ƙafarsa ɗaya na kabari."

Teburin ya kwashe da shewa.

"Ita kuma yarinyar fa?"

"Ba laifi, tana da biyayya... In ta koyi riƙe cokali mai yatsu na fara fita da ita."

Ziyad ya hau dannar allo kamar mai kashe kiyashi. Bidiyon da ya wuni yana cijewa yanzu ya ƙi tsayawa, sai da ya danne maɓallin gefe ya kashe wayar gaba ɗaya. Gumi ya jiƙa wuyan shaddarsa.

Rufaida ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallon mutumin da ta ɓata wa mahaifinta rai saboda shi, sai ta ga ashe ɗan ƙarami ne. Ko tausayi bai ba ta ba, ƙyama kawai ta ji.

Ya fara da cewa ba shi ba ne, ai ta gani da idonta fuskar ba ta fito ba. Da ya ga ba ta motsa ba ya koma cewa yanzu da kwamfuta ake haɗa muryar mutum, wannan aikin Khairat ne, makira ce. Daga nan ya gangaro kan cewa raha ce ta samari, kowa na yi. Ƙarya uku a numfashi ɗaya, kowacce tana tsinka 'yar'uwarta.

"Ruhina, ki saurare ni..."

"Na saurare ka. Kai da kanka ka ce murya za ta fita tas."

Ta miƙa hannu, ya saka mata wayar.

"Na gode da gyara, Malam Ziyad. Ka gaya wa su Kawu kada su ƙona mai gobe. Tsohon nan da kake jira, da asuba ya tafi gona da ƙafarsa, kai kuwa daga mota zuwa zaure kake haki."

Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi wa Baba Gana ba, gwiwar shaddar cikin turɓaya. Ta kewaye shi ta wuce.

A tsakar gida ta tarar da mata sun cika, maƙwabta da 'yan'uwa, an baje faranti ana murza cincin ɗin baƙin gobe, ƙamshin man gyaɗa ya game ko'ina. Wata gwaggonta ta hango ta ta rangaɗa guɗa. Rufaida ta ratsa su har bakin murhu inda Inna Amsa ke juya kasko da matsami, ta durƙusa a gefenta, sai a lokacin muryarta ta karye.

"Inna, ki sauke man nan. Babu mai zuwa."

Inna ta daɗe tana duban fuskarta. Sannan ta sa hannu ta janye itacen daga wuta.